Madubi da fenti a ɗakin raino: a wata nawa jariri yake gane cewa shi ne?

Ummu_Raino:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayata a kan ɗakin 'yan ƙasa da shekara biyu ce. Yanzu ya zama yayi a gidajen raino a kafa madubi a ƙasa, a ba jarirai fenti su dama da hannu, wai hakan yana sa yaro ya san kansa da wuri. Har wasu sun fara ɗiga wa yara janbaki a hanci su tsayar da su gaban madubi. Wanda ya taɓa hancinsa a rubuta masa "ya ci" a takardar rahoton zango, wanda bai taɓa ba a rubuta "bai kai ba". Shin wannan gwajin yana da tushe kuwa? A wata nawa ake sa ran yaro ya gane kansa? Kuma wane irin madubi da wane irin fenti ne ba za su cutar da shi ba?

Malamin_Halayya:
Wa alaikumus salam, Malama. Tushe kam yana da shi, amma ba don takardar rahoto aka ƙirƙiro shi ba. Wani masani Ba'amurke, Gordon Gallup, shi ya fara wallafa shi a 1970, kuma a kan birai nau'in cimfanzi ya yi. Ya bar su da madubi na kwanaki, sannan ya sa musu maganin barci ya shafa musu jan launi marar wari a saman gira da kunne. Da suka farka suka ga madubi sai suka riƙa kai hannu daidai wurin. A 1972 Beulah Amsterdam ta wallafa nata binciken a kan yara 88, daga 'yan wata 3 zuwa 'yan wata 24, ana ɗiga musu ja a gefen hanci.

Abin da ta gani shi ne, daga wata 6 zuwa 12 yaro yana ɗaukar na cikin madubi abokin wasa ne. Yana yi masa murmushi, yana gwaranci, yana dukan gilashin. Bayan ya shiga shekara ta biyu sai ka ga yana ɗari-ɗari, yana ja da baya, wani yana leƙa bayan madubin. Daga wata 20 zuwa 24 ne wajen kashi 65 cikin 100 suka nuna sun gane kansu. Michael Lewis da Jeanne Brooks-Gunn sun sake yin irinsa, suka wallafa a 1979. A nasu babu ko ɗaya cikin 'yan wata 9 zuwa 12 da ya kai hannu ga ɗigon, wasu sun fara tsakanin wata 15 da 18, mafi yawa sai sun doshi shekara biyu. Don haka duk wadda ta gwada ɗan wata goma sha biyu ta rubuta "bai kai ba" ta zalunce shi. Babu ɗan wata goma sha biyun da ake sa ran ya kai.

Abu_Tagwaye:
To Malam, ɗan wata takwas da ke ƙyalƙyala dariya gaban madubi, ba kansa yake yi wa ba ke nan?

Malamin_Halayya:
@Abu_Tagwaye ba fuskarsa ya gane ba tukuna, amma kada ka ɗauka bai san komai game da jikinsa ba. Philippe Rochat da Susan Hespos sun nuna a 1997 cewa sabon haihuwa ya fi juyo da baki neman nono idan hannun wani ne ya taɓa masa kunci, fiye da idan nasa hannun ne ya taɓa. Ya riga ya bambanta taɓin kansa da taɓin wani. Bahrick da Watson kuma a 1985 sun nuna wa 'yan wata biyar hoton ƙafafunsu kai tsaye a talabijin gefe da na wani yaro, suka ga suna bambanta su, har sun fi kallon na wancan. Abin da ɗan wata takwas ke morewa a madubi shi ne daidaituwar motsi. Ya ɗaga hannu, na ciki ya ɗaga a daidai wannan lokacin, babu jinkiri ko kaɗan, kuma duk duniya babu wani mutum da ke yi masa haka. A kan wannan ake gina sauran.

Hajiya_Goggo:
Ni dai 'ya'yana, abin da muka tarar shi ne ba a nuna wa jariri madubi. Wasu su ce haƙori zai yi masa nawa, wasu su ce zai firgita, balle da dare. Kuma yaran da aka goya a ƙauye ba madubi ba fenti, wanne ne ya girma bai san kansa ba?

NasDinYara:
Hajiya, Allah ya ƙara girma. Maganar haƙori ba ta da alaƙa da madubi. Haƙorin farko, na gaba a ƙasa, yakan fito tsakanin wata 6 da 10, wani ya wuce haka kuma lafiyarsa ƙalau. Amma hanin iyayenmu bai rasa hikima ba. Madubin da ke ɗaki a da ɗan ƙarami ne na gilashi marar firam, ko ma fasasshe. Jariri kuwa duk abin da ya damƙa baki zai kai. Wannan hanin yana nan daram, ko yau ba a ba jariri madubin hannu na gilashi ko na cikin gwangwanin hoda.

Malamin_Halayya:
Tambayar Hajiya ta biyu kuma tana da gaskiya a ciki. An gwada wannan a 1986. Priel da de Schonen sun je wurin Larabawan ƙauye makiyaya a Isra'ila waɗanda yaransu ba su saba da madubi ba, suka kwatanta su da yaran da suka saba. Wajen taɓa ɗigo babu bambanci. Inda suka bambanta shi ne amfani da madubi wajen gano wani abu da ke bayan yaro. Saboda haka madubi ba shi ke haifar da sanin kai ba. Wuri ne da yaro ke motsa jiki yana ganin sakamako, mu kuma muke iya ganin abin da ya riga ya tsiro.

Anti_AjinJarirai:
Bari in koma kan yadda ake kafa shi, don a nan ake yawan kuskure.

Wanda bai fara zama ba, madubin a kwance ake sa shi, gindinsa a ƙasa daidai bakin tabarma ko katifar wasa mai tauri. Sabon haihuwa yana gani sosai ne a tazarar santimita 20 zuwa 30, don haka idan kin ajiye shi taku biyu daga madubin ba abin da yake gani sai dishi-dishi. Amfaninsa mafi girma a wannan matakin shi ne kwanciyar rub da ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idarta ta 2019 ta ce jaririn da bai fara rarrafe ba ya samu aƙalla minti 30 a rana yana rub da ciki, a rarrabe, yana farke. Yawancinsu ba sa so, amma idan akwai fuska a gabansu sai su ɗaga kai su daɗe. A fara da minti biyu zuwa uku, ba bayan shan nono nan take ba don zai yi tumbuɗi, kuma mai raino tana zaune a gefe. Da ya fara gyangyaɗi a mayar da shi rigingine a gadonsa. Ba a sa madubi ko wani abin wasa a cikin gadon barci.

Haske ya sauka a fuskar yaro, kada ya fito ta bayansa. Idan taga tana bayansa, baƙar inuwa kawai zai gani a madubin, ga hasken rana yana dawowa cikin idonsa. Bangon da taga take, ko na gefenta, shi ya fi dacewa.

Kuma kada a bar yaro da madubi shi kaɗai a ce ana koya masa. Ki zauna a bayansa yadda zai ga fuskarki a ciki. Fuskarki ya sani tun kafin tasa. Sai ki ga ya kalle ki a madubi, ya waiwayo ya kalle ki a zahiri, ya sake komawa. Wannan waiwayen shi ne abin lura tun daga wajen wata tara zuwa shekara, ya fi duk wani ɗigo muhimmanci.

Kafintan_Unguwa:
Anti ta gama magana, ni a kan kaya zan ƙara. Madubin roba ake nema, wanda ake kira akirilik. Kaurinsa kada ya gaza milimita 3. Na milimita 1 ko wanda ake liƙawa kamar sitika yana lanƙwasa, fuskar yaro ta fito a karkace, kai ƙato haɓa 'yar mitsitsiya. Falle guda yakan zo ƙafa 4 da ƙafa 8, sai a yanka ƙafa 4 da ƙafa 2, ya isa yara uku su jeru.

Dole a yi masa baya da filawud mai kauri, rabin inci ya yi, don bangonmu ba ya miƙewa sosai, robar kuma duk tudun da ke bayanta sai ta nuna shi. Kada a shafa gam mai ƙarfin wari kai tsaye a bayansa, yana cin fentin da ke ba shi sheƙi, bayan 'yan watanni sai tabo ya fito. A yi masa firam na katako mai kwari a zura shi ciki, a bar masa sarari milimita 2 zuwa 3 kowane gefe. Roba tana buɗewa da zafi fiye da gilashi nesa ba kusa ba. Idan aka matse ta a sanyin hunturu, zuwa watan Afrilu za ta yi tozo a tsakiya. Firam ɗin a goge kusurwoyinsa su yi sumul, a ɗaure shi a bango da sukuru, ba a jingine shi.

Ummu_Raino:
Malam Kafinta, sandar da ake sawa a gaban madubi don masu koyon tsayuwa fa?

Kafintan_Unguwa:
Tsayinta daga ƙasa santimita 35 zuwa 45, wato daidai ƙirjin yaron. Kaurin sandar wajen inci ɗaya don hannu ya zagaye ta. Tsakaninta da madubi kada ya wuce santimita 6, irin tazarar sandunan gadon jariri. Idan ya yi faɗi, hannu ko kai zai iya shiga ya maƙale. A bango ake kafa ta, ba a jikin firam ba, kuma babba ya danna ta da ƙarfinsa ya gani kafin a bar yara.

Maman_Biyu:
Wanda ba shi da kuɗin wannan fa? Na ga ana amfani da tire na silba.

Anti_AjinJarirai:
Tire ya yi don wasa, ba ya fashewa, kuma yana ƙara idan aka buga, suna so. Sai dai hoton ba ya fita sarai, don haka ba ya maye gurbin madubi. Abin da ban yarda da shi ba sam shi ne baho da ruwa don yaro ya ga fuskarsa. Ruwan da bai kai tsawon ɗan yatsa ba yana iya halaka mai rarrafe, kuma ba a jin ƙara.

Inna_Mai_Kamu:
Batun fenti kuwa ba sai an sayo ba. Gasarar farar masara ita ce gindi. Amma a kula, a jiƙa ta daban a niƙa ba citta, ba kanumfari, ba barkono. Gasarar kasuwa yawanci da kayan yaji ake niƙa ta, idan yaro ya murza ido da ita ranar ba zaman lafiya. Cokalin cin abinci huɗu na gasara, kofi ɗaya na ruwa. A dama da ruwan sanyi kaɗan, a zuba sauran yana tafasa, a mayar kan wuta ana juyawa har ya dahu ya yi kauri. Dole ya dahu, ɗanyen gari ba abin da za a bari ya shiga bakin jariri ba ne. A bar shi ya huce sarai, a gwada a cikin wuyan hannu, don samansa yakan yi sanyi cikinsa da zafi. Idan ya daskare a saki da tafasasshen ruwan da ya huce.

Launi: dafaffen karas ko kabewa a murje a tace ya ba da ruwan lemo. Garin zogale rabin ƙaramin cokali ya ba da kore. Ruwan zoɓo mai kauri ya ba da ja. Kurkur ɗan kaɗan ya ba da rawaya, amma yana kama tufafi da roba, kada a shafa shi a madubin akirilik. Kuka ma tana ba da kore da yauƙi, wasu yaran suna son santsin, wasu suna ƙyamarsa. Ba a sa sukari ko gishiri. Sukari yana mayar da wasan cin abinci, ga kiyashi da ƙuda.

Ɗan_Sinadari:
Idan aka ɗiga ruwan kanwa a zoɓo launin yana juyewa ya bar ja ya yi duhu-duhu. Ga ƙarin launi a kyauta.

NasDinYara:
A'a Yaya, wannan a bar wa 'yan firamare. Kanwa tana cin fata mai laushi, idan ta shiga ido kuwa abin asibiti ne. Shi kansa zoɓon yana da tsami, wanda ke da ƙuraje ko tsagewar fata ta hunturu zai ji zafi, a ba shi na karas.

Sauran sharuɗɗa. Ɗan ƙasa da wata shida nono zalla yake sha, ba a ba shi ko ruwa, don haka fentin da ake iya lasa ma ba nasa ba ne. Idan ana son ya ji, a shafa masa a tafin ƙafa a buga a takarda a wanke. Ƙafar ma ta fi sauƙi, don hannunsa a dunƙule yake yawanci a watannin farko. Ba a sa zuma a komai kafin shekara ɗaya. Masu yi da kindirmo su tambayi uwa ko yaron ya taɓa shan nonon shanu lafiya, haka gyaɗa da ƙwai da alkama. Sabon abu a gwada ɗan ɗigo a damtse tukuna. Abin da aka dama a yi amfani da shi cikin awa biyu, lokacin zafi awa ɗaya, saura a zubar. Kowane yaro da kwanonsa.

Madubin kansa suna lasarsa suna dalala a kai, ga majina. Lokacin mura ko ciwon ido na afolo shi ne babbar hanyar yaɗawa. A wanke da ruwan sabulu da tsumma mai laushi kullum, sannan a bi da ruwan bilic mai ƙarfin kashi 0.1 cikin 100. Idan na kwalbar kashi 3.5 ne, murfi ɗaya a murfi 34 na ruwa. A ɗauraye, a bar shi ya bushe kafin yara su dawo.

Kafintan_Unguwa:
Kuma kada a goge shi da sifirit ko ruwan goge gilashin mota, yana dusashewa ya yi tsaga-tsaga. Lokacin ƙura a fara zuba ruwa, busasshen tsumma yana karce shi.

Maman_Biyu:
Idan janbaki ba ya fita a baƙar fata, me zai hana a ɗiga kwalli ko lalle?

Mai_Haɗa_Magani:
Don Allah kada a yi. Kwallin dutse da yawansa dalma ce. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ba da rahoton wani jariri ɗan wata shida a Boston, iyayensa 'yan Najeriya, da aka samu gubar dalma a jininsa. Da aka auna kwallin da ake sa masa sai aka ga kashi 82.6 cikin 100 dalma ce. Yaro zai murza, ya kai hannu baki. Babu adadin dalmar da ake cewa ba komai a jikin yaro, kuma ƙwaƙwalwa take taɓawa. Lalle kuma yana iya farfasa jajayen ƙwayoyin jini a jaririn da ke da ƙarancin G6PD, wani sinadari mai kare waɗannan ƙwayoyin, ƙarancin da ba baƙon abu ba ne a yankinmu musamman ga maza, sai ka ga shawara ta taso. Baƙin lalle na kanti ya fi muni, akwai sinadarin rini a ciki mai ƙona fata. Idan lallai sai an ɗiga wani abu, farin man zinc da ake shafa wa jariri don ƙurajen kunzugu ya isa. Yana fita sarai a fatarmu, yana goguwa nan take.

Malamin_Halayya:
Tunda an dawo kan ɗigon, ga yadda masu bincike ke yi, don ku ga cewa abin da ake yi a gidajen raino ba shi ba ne. Da farko ana sa yaro gaban madubi ba ɗigo, a ga ko dama yana taɓa hancinsa. Sannan a ɗauke shi, a yi kamar ana share masa majina a ɗiga ba tare da ya sani ba. A jira kaɗan nesa da madubi. Idan ya taɓa wurin a lokacin, to ji ya yi, gwajin ya lalace. Sai a mayar da shi, kuma ba a cewa "mene ne a hancinka". Mai sanyi, mai wari, ko ɗigon da ke ƙarshen hanci inda ido ke iya hangowa, duk suna ɓata shi. A ɗakin da yara goma ke kuka, wa ke bin wannan?

Bahaushen_Kamaru:
Akwai abin da ya fi wannan ma. Heidi Keller da abokan aikinta sun wallafa bincike a 2004 a kan 'yan wata 18 zuwa 20, daga Atina ta Girka, da Kosta Rika, da manoman Nso na yankin Kumbo a nan Kamaru. Yaran Girka wajen biyu cikin uku sun taɓa ɗigon, na Nso kuwa ƙalilan ƙwarai. Amma da aka zo kan bin umarni da barin abin da aka hana, yaran Nso ne a gaba. Tanya Broesch da abokanta kuma sun gwada yara 82 a ƙauyen Kenya, daga wata 18 har shekara shida, biyu kacal suka taɓa. Yawancinsu ƙamewa suka yi suna kallon madubin. Wa zai ce ɗan shekara shida bai san fuskarsa ba? Yaron da aka tarbiyyantar da cewa abin da babba ya sa maka ba ka cirewa, gaban baƙo kuma ba ka rawar kai, zai ga ɗigon ya bar shi. Yaranmu sun fi kusa da waɗannan ko da na Atina? Ku ba kanku amsa.

Malamin_Halayya:
Haka ne. Rochat da Broesch sun ƙara gwada wani abu a 2012 a Amurka. Idan manyan da ke ɗakin su ma suna da irin alamar a goshi, yaran sun fi barin tasu ba su cire ba. Taɓawa hujja ce cewa ya gane, rashin taɓawa ba hujjar komai ba ne.

Mai_Makaranta:
Na ji duk bayananku, amma ku dubi ɓangarenmu. Iyaye suna biyan kuɗi, suna son ganin wani abu a rubuce. Kuma idan gwajin zai sa a gano yaro mai matsala da wuri, ina laifi? Gara a tsorata uwa a banza da a yi shiru.

Likitan_Yara:
Ranki ya daɗe, matsalar ita ce ba ya ganowa. An yi bincike tun shekarun 1970 da 1980, yara masu larurar otizim, wadda ke shafar magana da mu'amala da mutane, da yawa suna taɓa ɗigon. Za ki rubuta wa mai larura "ya ci", ki rubuta wa mai kunya "bai kai ba". Kin kwantar da hankalin wadda ya kamata ta zo asibiti, kin tayar da na wadda ba ta da matsala. Abin da ya kamata mai raino ta lura ta gaya wa iyaye: yaro ba ya waiwayowa idan an kira sunansa zuwa shekara ɗaya, ba ya gwaranci, ba ya haɗa ido, ba ya nuna abu da yatsa zuwa wata 18, ba kalma ko ɗaya zuwa wannan lokacin, ko ya daina abin da dā yake yi. Na ƙarshen nan ba a jira da shi. Kuma a fara da auna ji, kurumta tana ɓuya. Bakwaini kuma ana cire makonnin da ya rage a ciki daga shekarunsa har ya kai biyu.

Anti_AjinJarirai:
Hajiya Mai_Makaranta, abin rubutawa ai yana da yawa, ba sai an sa maki ba. "Yana waiwayowa ya nemi mai raino idan ya gan ta a madubi." "Tana gwada hula gaban madubi tana gyarawa." "Ya nuna hotonsa ya faɗi sunansa." "Ta fara cewa nawa ne." "Yana sunkuyar da kai yana murmushi idan an yabe shi." Wannan kunyar da kalmar "nawa" sukan zo kusan tare da gane kai a madubi. Rigimar "nawa ne" da ke damun masu raino a ajin 'yan shekara biyu, ci gaba ne.

Abu_Tagwaye:
To idan madubi ba ya gaggauta komai, fentin fa? Ɓarnar gasara ce kawai?

Malamin_Halayya:
Ban ce komai ba ya tasiri ba. A 2024 Jeffrey Lockman da abokan aikinsa na Jami'ar Texas a Austin sun wallafa wani bincike. Sun riƙa manna wa yara 'yan wajen wata 14 wani ɗan faifai mai girgiza a goshi ko kunci suna gaban madubi, yaran suna ji suna kai hannu suna gani. Waɗannan sun ci gwajin ɗigo wajen wata biyu kafin sauran. Abin da ya yi aiki shi ne haɗuwar ji a fata da gani a madubi da kai hannu. Fenti gaban madubi yana haɗa waɗannan ukun. Sai dai bincike ɗaya ne, kuma ba a kan fenti aka yi shi ba, kada a buga shi a allon talla.

Inna_Mai_Kamu:
Idan haka ne, ga yadda ake haɗa su. Daga wata tara zuwa sama, a tuɓe yaro ya rage kunzugu, a shimfiɗa buhu ko tsohon zane. Launi biyu sun isa, cokali biyu-biyu. A ɗiga a jikin madubin daidai inda fuskarsa take, ya shafa ya rufe ta, ya share ta sake bayyana. Sannan ki ɗiga a bayan hannunsa, ki ambaci wurin, ki ɗiga a naki kuncin ya gani, daga baya nasa. Nesa da ido da ƙofar hanci. Minti biyar zuwa goma. Wanda ya janye hannu kada a kama a tsoma masa, a ba shi cokali ko ganye ya taɓa da shi, ko a zuba fentin a leda mai kauri a liƙe gefe huɗu da salatif a ƙasa ya danna ta sama. Ledar ba a barin ta a sake, da an gama a ɗauke. Kuma babba ɗaya kada ya wuce yara uku, biyu ma ya fi.

NasDinYara:
A ƙara da wannan: ba duwatsun ado, ba wake, ba maɓalli, ba ƙyalƙyali. Ma'aunin Amurka na kayan wasan 'yan ƙasa da shekara uku bututu ne mai faɗin santimita 3.17, abin da ya shige cikinsa ya yi musu ƙanƙanta. A gida, duk abin da ya shige kwalin tsakiyar takardar bayi a ɗauke shi daga ɗakin.

Maman_Biyu:
Kyamarar gaba ta waya ba madubi ba ce? Suna sonta sosai.

Likitan_Yara:
Ba ɗaya ba ne. Hoton ƙarami ne, yana ɗan jinkiri, idon da ke ciki ba ya kallon yaro daidai saboda kyamarar tana sama, wayar kuma tana motsi a hannun babba. Ƙa'idar 2019 da Anti ta ambata ta ce ban da allo ga 'yan ƙasa da shekara biyu. Jinkirin ma ba ƙaramin abu ba ne. Daniel Povinelli ya nuna a 1996 cewa idan aka nuna wa yara bidiyon da aka ɗauka mintuna kaɗan baya ana manna musu sitika a kai, 'yan shekara biyu ba sa kai hannu, sai wajen shekara huɗu mafi yawa ke yi.

Bahaushen_Kamaru:
Mai son ganin wani fannin sanin kai ba madubi, a ɗaura 'yar tabarma a bayan keken turawa, yaro ya tsaya a kanta a ce ya turo. Ba zai tafi ba sai ya gane nauyinsa ne ya danne. Josephine Ross ta gwada wannan a Zambiya da Sukotland, yaran Zambiya suka fi a keken, na Sukotland suka fi a madubi.

Mai_Makaranta:
Har yanzu ina ganin a bar layin ɗigon a takarda, a cire "bai kai ba" kawai. A rubuta ranar da yaro ya fara taɓawa, kamar yadda ake rubuta ranar da ya fara tafiya.

Likitan_Yara:
Layin da aka bari fanko ma magana yake yi. Uwa za ta ga na maƙwabciyarta a cike.

Hajiya_Goggo:
Ni dai ku rufe madubin nan da zane idan magariba ta yi.

Anti_AjinJarirai:
Hajiya, an tashi tun la'asar ai. Amma zanen yana da amfani ko da rana. Akwai 'yan wata 13 zuwa 18 da ke tsorata da madubin na ɗan lokaci, musamman masu ƙiwa da sababbin zuwa. A rufe rabinsa, a bar yaron ya ɗaga da kansa. A liƙa zanen ta sama ba igiya, kada ya kai tsawon da zai naɗe wuya.

Ummu_Raino:
Na gode ƙwarai. Batun takarda zan kai wa sauran malamai yadda kuka yi shi, ɓangare biyu. Malam Kafinta, idan bangon ƙasa ne ba na siminti ba, sukurun zai riƙe sandar?

Kafintan_Unguwa:
Ba zai riƙe ba, Malama, ranar da yara biyu suka rataya tare zai fito da ƙasar. A kafa katako biyu masu kauri a tsaye, gindinsu a binne da siminti, samansu a ɗaure da azara, sai a ɗaura firam da sandar a jikinsu. A shafa wa gindin maganin gara kafin a binne, iya ɓangaren da zai shiga ƙasa, ban da inda hannun yaro ke kaiwa.